Daga Disket Zuwa Wifi: Tarihin Na'urar Da Ke Yi Wa Tsohuwar Kwamfuta Tafinta

A tsakiyar shekarar 2024 ministan Japan mai kula da harkokin zamani, Taro Kono, ya fito ya ce sun ci yaƙin da suke yi da disket. An soke dokoki sama da 1,000 da ke tilasta wa mutane miƙa wa hukuma takardunsu a cikinsa. Japan fa ake magana. Amurka ma sai a 2019 sojojinta na sama sunka daina aiki da disket mai inci 8 a tsarin aika umarni ga rundunar makaman nukiliya. Mu kuwa ƴan shekara ashirin da ɗoriya, da yawanmu ba mu taɓa riƙe disket a hannu ba. Mun san shi ne a matsayin ɗan hoton nan mai kusurwa huɗu da ake latsawa in za a ajiye rubutu a Word.

Kamfanin Sony, na ƙarshe cikin manyan masu ƙera disket, ya tsaida aikin a watan Maris na 2011. Amma na'urorin da ba su san wata hanyar karɓar bayani ba sai ta disket suna nan da ransu: tsoffin kwamfutoci, piyanon kiɗa na Yamaha da Korg da Roland, kekunan surfani masu ƙwaƙwalwa, injinan masana'antu. Wanga rubutu tarihin dabarar da anka yi musu ne. Da fari an ƙera wata ƴar na'ura mai kwaikwayon disket, daga baya anka sa mata wifi, har ta kai yau mutum na canza wa kwamfutar 1986 disket daga wayar salularsa. A ƙarshe za mu ga inda abin ya shafi rubutun Hausa.

Harshen igiya mai layi 34

Disket ya fito daga kamfanin IBM a 1971. Faɗin na farkon inci 8 ne, yana ɗaukar kusan kilo 80, kuma injiniyoyin kamfanin ne ke loda wa manyan kwamfutocinsu umarnin tashi da shi. Alan Shugart, wanda ya shugabanci sashen da ya yi aikin, ya kafa kamfanin Shugart Associates daga baya, kuma kamfanin nan ne ya fitar da disket mai inci 5¼ a 1976. Farkon shekarun 1980 Sony ta kawo mai inci 3½ cikin kwanson roba mai tauri. Macintosh ta ɗauke shi a 1984, IBM kuma ta yaɗa mai mega 1.44 da kwamfutocinta na PS/2 a 1987. Ku da kuke sayen mega ɗari biyar ku cinye kafin la'asar, ku auna: hoto guda na wayarku ba ya shiga ciki.

Ga abin lura a nan. Kwamfuta ba ta taɓa ganin disket da idonta. Tsakaninta da lektar, wato injin da ke juya disket yana karantawa, akwai igiya mai faɗi mai layi 34, kuma kusan kowane layi mai aiki kalma guda yake ɗauke da ita. Kwamfuta ta ce: kunna mota. Ta ce: matsa taki guda ciki, ko waje. Lektar ya amsa: na iso da'irar sifiri. Ya ce: faifai ya cika zagaye guda. Ya ce: ga bayani, ko wanga disket a kulle yake, ko an canza disket. Faifan yana juyawa sau 300 a minti, ke nan sau 5 a daƙiƙa. Yana da fuska 2, kowace fuska da'ira 80, kowace da'ira yanki 18, kowane yanki bayit 512. In kunka ninka za ku samu 1,474,560, shi ne abin da anka rubuta wa 1.44 a jikin kwali.

Ba kowa ne ya bi wanga harshe ba. Commodore 64 ta 1982 tana da nata: lektar ɗinta mai lamba 1541 yana da ƙwaƙwalwarsa ta kansa, kusan kwamfuta ta biyu ne. Atari ma tana da nata, ana ce masa SIO. Manyan faifan ajiya kuwa, waɗanda ke zaune cikin akwati ba a cire su, da yawa sun bi harshen SCSI, wanda ya zama ƙa'ida a 1986, kuma shi ma asalinsa daga gidan Shugart ne. A SCSI na'ura 8 ke raba igiya guda, kowace da lambarta daga 0 zuwa 7, sai an kira lambarka ka amsa.

Makwaikwayi

Tunda kwamfuta ji kawai take yi, to duk abin da ya amsa mata daidai, a kan lokaci, lektar ne a wurinta. Dabarar ke nan gaba ɗaya. Ana kwashe dukkan abin da ke cikin disket, yanki bayan yanki, a zuba cikin fayil guda da ake kira hoton disket. A ajiye hoton a kile USB ko katin memuwar. Sai a sa wata ƴar ƙwayar lantarki a bakin igiyar. In kwamfuta ta ce matsa taki guda, babu abin da ke matsawa, ƙwayar tana ƙara lissafi ne kawai. In ta nemi bayani, ƙwayar ta ɗebo daga hoton ta aika mata da irin bugun da faifai mai juyawa zai bayar. Wagga na'ura ita muke kira makwaikwayi a nan.

Tun wajajen 1990 masu Atari sunka fara, da wata igiya mai suna SIO2PC wadda ke sa kwamfutar PC ta yi kamar ita ce lektar. A 2006 wani Bafaranshe, Jean-François Del Nero, ya soma aikin HxC, makwaikwayin da ya iya karin harshen na'urori iri-iri. A Sin kuma anka riƙa ƙera wani mai araha da ake kira Gotek, girmansa daidai ramin lektar, an yi shi don masana'antu da masu piyano da kekunan surfani. Manhajar cikinsa ta asali ba ta san komi ba sai tsarin PC. A 2017 Keir Fraser, wani masanin kwamfuta a Birtaniya, ya fitar da FlashFloppy kyauta, manhajar da ake zuba wa Gotek ya koyi harshen Amiga da Atari ST da Amstrad da sauransu. Ta ɓangaren SCSI, a 2013 anka fara SCSI2SD a Ostareliya, katin memuwar ya maye gurbin babban faifai. Bayansa BlueSCSI da ZuluSCSI sunka biyo.

Kun ga mafi yawan aikin ba manyan kamfanoni sunka yi shi ba. Apple da kanta ta fitar da iMac ba lektar tun 1998, ta wuce abinta. Masu sha'awa ne, bayan sun taso daga aiki, sunka zauna da na'urar auna bugun lantarki suna sauraren hirar tsoffin injina, suna rubuta ƙa'idarta. Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwa da rakoda yana neman tsarin wani karin harshe ya san irin haƙurin da abin ke ci.

Matsalar hannu

Makwaikwayi ya magance lalacewar lektar, sai ya haifo wata matsala. Da can canza disket aikin hannu ne: ka latsa, ya fito, ka duba rubutun da ke jikinsa, ka sa wani. Kuma canjin ba kaɗan ba ne. Windows 95 ta zo a disket 13. Wasan Monkey Island 2 na Amiga disket 11 ne, kana tsakiyar wasa sai ya ce a sa na bakwai. To in hotuna ɗari uku suna cikin kile guda, da mi za ka nuna wanda kake so?

Amsar Gotek ta farko maɓalli biyu ce da ɗan allo mai lamba uku, daga 000 zuwa 999. Sai mutum ya ajiye takarda a gefe yana rubuta lamba kaza abu kaza, in takardar ta ɓace ya shiga uku. Daga baya masu gyara sunka ƙara ƙaramin allo mai nuna sunan fayil, da wani abin murɗawa kamar na rediyo. HxC kuma ya kawo ƴar manhajar zaɓe da ke tashi a kan tsohuwar kwamfutar kanta.

Duk wanga ya yi wa disket, don bakinsa a waje yake. Amma makwaikwayin babban faifai ko na CD sau da yawa can cikin akwati yake zaune. In kana son ƙara fayil guda, sai ka kashe na'ura, ka kwance kusoshi, ka zaro kati, ka kai wata kwamfuta, ka kwafa, ka maido, ka ɗaure. Robar da ta shekara talatin kuwa ta bushe, kowane buɗewa na iya zama ranar da wani haƙori zai karye, kuma babu shagon da ke sayar da madadinsa.

Shigowar wifi

Gwajin farko aro ne. Tun 2007 akwai katin memuwar mai wifi a cikinsa, Eye-Fi, wanda anka yi don kyamarori, daga baya Toshiba ta fitar da nata mai suna FlashAir. Wasu sunka riƙa cusa irinsu a makwaikwayi don su tura fayil ba tare da buɗe akwati ba. Ya rage wahala, amma katin bai san abin da makwaikwayi ke ciki ba, ba ya iya ce masa cire wanga ka sa wancan.

Babban canji ya zo a 2014, lokacin da ƙwayar ESP8266 ta kamfanin Espressif na birnin Shanghai ta shiga kasuwa. Ƙwaya ce mai wifi da ƙwaƙwalwa a haɗe, kuɗinta ƴan daloli kaɗan. Takardun bayaninta na farko da Sinanci suke, sai da masu sa kai sunka fassara su kafin sauran duniya ta san abin da ke hannunta. A 2016 ƙanwarta ESP32 ta fito, ta fi ta ƙarfi. A shekarar nan kuma Raspberry Pi, ƴar kwamfutar Birtaniya mai girman katin shaida, ta samu wifi a jikinta.

Daga nan hanyoyi sunka rabu uku. Ta farko ta taso daga Japan, inda wani mai sha'awar kwamfutar Sharp X68000 ya ƙirƙiro RaSCSI, wato Raspberry Pi tana kwaikwayon na'urorin SCSI. Masu tsoffin Macintosh sunka ɗauka sunka faɗaɗa shi, a ƙarshen 2022 anka canza wa reshensu suna zuwa PiSCSI. Yana da shafi da ake buɗewa a Chrome ko Firefox: ga lambobin nan 0 zuwa 7 a jere, ka zaɓi lamba ka liƙa mata hoton faifai, ka cire CD ka sa wani, ka ƙirƙiri sabon faifai fanko, ka tura fayil daga wayarka.

Hanya ta biyu ita ce FujiNet, wadda Thomas Cherryhomes da abokan aikinsa sunka soma a ƙarshen 2019 don Atari. An gina ta kan ESP32. Ita ba ta tsaya ga kati ba, tana iya ɗauko hoton disket daga wata ma'ajiya ta intanet a wata ƙasa, Atari kuwa tana zaton lektar ne a gefenta. Tana kwaikwayon injin buga takarda ma, abin da Atari ta buga ya fito a matsayin PDF a shafinta. Daga baya an yi wa Apple II da Coleco Adam irinta.

Hanya ta uku ta buɗe a watan Yuni na 2022 da fitowar Raspberry Pi Pico W, ƙaramin allo mai wifi. A makwaikwayin ZuluIDE, mai kwaikwayon lektar CD na tsoffin PC, ana jona masa Pico W a gefe don ta buɗe shafin zaɓen faifai. BlueSCSI kuwa ya yi amfani da wifin wata fuska: yana kwaikwayon wani tsohon katin rezo mai suna DaynaPort, tsohuwar Macintosh ta shiga rezo da kanta. Kada a haɗa biyun. Ɗaya ba mai na'ura iko ne daga nesa, ɗayan ba na'urar hanyar fita ne.

Mi ya sa sunka zaɓi shafi, ba su yi manhajar waya ba? Saboda shafi ba ya tambayar wace irin waya gare ka, ba a sauke shi daga shagon kowa, kuma ba ya mutuwa don an sabunta Android. Sannan shafin a cikin na'urar yake zaune. In wayarka da ita suna kan wifi guda, ko da wanda wayar ke rabawa ne, kuna magana ba tare da an taɓa megarka ba.

Mi ya sa ƙwaya biyu

Wani zai ce, to a sa wa ƙwayar makwaikwayin wifi mana a huta. Matsalar lokaci ce. A disket mai 1.44, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu kan kai kashi 2 cikin miliyan na daƙiƙa. In makwaikwayi ya makara kaɗan, kwamfuta ta ce disket ya lalace. Wifi kuwa ba ta da alƙawari: saƙo na iya isowa yanzu, na iya jira, na iya ɓacewa a sake aiko shi. Wanda ke kiɗa wa masu rawa ba ya tsayawa amsa sallama.

Shi ya sa a irin tsarin ZuluIDE anka raba aiki. Ƙwaya guda ba ta da abin yi sai amsa wa tsohuwar kwamfuta a kan lokaci. Ta biyu ita ke hira da waya. Tsakaninsu ƴan wayoyi ne da gajerun saƙonni: kawo jerin hotuna, wanne ke ciki yanzu, cire, saka wancan. Kuma akwai ladabin da sai an kiyaye. CD da disket an san ana canza su, akwai kalmar sanarwa a harshensu. Babban faifai kuwa tsohuwar kwamfuta ba ta taɓa tunanin zai canza tana kunne ba. Ka sauya mata shi daga waya tana tsakiyar rubutu, sai ta zuba bayanin wancan a kan wanga, ka yi asarar biyu.

Abin hattara

Tarihin nan yana da gargaɗi a cikinsa. A 2016 kamfanin Eye-Fi ya sanar da daina tallafa wa tsoffin katunansa, waɗanda wasu ayyukansu sun dogara da ma'ajiyar kamfanin. Kati lafiya lau, amma mai shi ya wayi gari yana neman mafita. Kati mai shekara ƙasa da goma ya tsufa kafin lektar mai shekara talatin. Ayyukan da munka ambata, irin su FlashFloppy da PiSCSI da FujiNet, rubutun manhajarsu a buɗe yake, in mai shi ya gaji wani na iya ɗauka.

Na biyu, ƙofar da ka buɗe wa kanka ka buɗe wa maƙwabci. Shafin da ba shi da kalmar sirri, duk wanda ke kan wifin zai iya cire faifai ko ya share shi. Tsoffin kwamfutocin nan an yi su lokacin da ɓarawo sai ya shigo ɗaki, ba su san tsaron rezo ba. Na uku, katin memuwar ma yana mutuwa, kuma ba ya ko kuka kamar yadda tsohon faifai ke yi kafin ya tahi. Hoto guda a kati guda ba ajiya ba ne.

Inda abin ya shafe mu

Ƙa'idar ASCII ta 1963 gurbi 128 gare ta, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. Tsarin Latin-1 da ya biyo baya ya kawo é da ç na Faransanci, mu bai san da mu ba. Unicode ta sa haruffanmu tun 1991, amma an daɗe kafin manhajojin yau da kullum su iya aiki da ita. A tsakanin nan masu buga Hausa dabara sunka yi: a ɗauki gurbin wani harafi da ba a buƙata, a zana ƙ a wurin, a ba salon rubutun suna. Kowace ma'aikata da nata. Masu ƙamus da nazarin harshe da yawa kuma sun yi aiki da manhajar Shoebox ta SIL. Lokacin da Nijar ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, zamanin disket ne.

Sakamakon shi ne, fayil ɗin Hausa na wancan lokaci in ka buɗe shi a kwamfutar yau, sai ka ga alamomin banza a gurbin masu lanƙwasa. Kafin ka gyara sai ka san mi kowace alama take nufi, kuma hanya mafi tabbas ita ce ka ga rubutun cikin manhajarsa da salon haruffansa na asali, a na'urar da ta san su. Nan ne tsohuwar kwamfuta mai makwaikwayi ke da amfani: ka tura mata hoton daga waya, ka ga yadda marubucin ya gani, ka rubuta teburin musanya zuwa Unicode. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai makwaikwayi ba ya karanta disket na gaskiya. Abin da wani ya riga ya kwashe shi yake bayarwa. Kwashewar aiki ne daban, yana buƙatar lektar mai rai da ƴar na'ura irin Greaseweazle, ita ma ta Keir Fraser, ko KryoFlux, masu ɗauko bugun maganaɗisun kansa ko da wasu yankuna sun lalace. Kuma a nan ne lokaci ke gudu, don zafi da ƙura da laimar damina ba sa raga wa disket. Kundin metiriz, jerin kalmomin da anka tattaro a ƙauye, tatsuniyoyin da anka rubuta daga kaset, littattafan yaƙi da jahilci: duk wanda anka buga a shekarun 1990 bai kai ga ɗab'i ba, a irin wanga kwanso anka ajiye shi.

Don haka ga aiki uku da ba su fi ƙarfin ɗalibi ba. Ku tambayi malamanku da iyayenku da sunka yi aikin biro ko akwai kwalin disket a wani lungu, in akwai a ɗauke shi daga rana da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu, kada kowa ya gwada shi a lektar mai datti. Ku ɗauki hoton rubutun da ke jikin kowanne, don sau da yawa shi kaɗai ke faɗin wace manhaja anka yi aiki da ita. Sannan masu hannu a fassara su sani: shafin PiSCSI an fassara shi zuwa harsuna da dama, har da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci, kuma jerin kalmomin a buɗe yake ga mai son ƙara nasa. Sai mun zauna mun yanke yadda za mu ce cire faifai, liƙa hoto, lambar na'ura. Muhawarar za ta yi zafi tsakanin ƴan Maradi da ƴan Damagaram, amma irin wadda ta cancanci a yi ce.